Kuala Lumpur da jakar goyo, kwana 6, me ya kamata in sani?

Matafiyi_07:
Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa Maleshiya ku taimaka min. In Allah ya yarda ina so in yi kwana 6 a Kuala Lumpur, ni kaɗai da jakar goyo ɗaya, ba na son otal mai tsada kuma ba na son kamfanin yawon buɗe ido su dinga ja na kamar raƙumi da akala. Wace unguwa ce ta fi dacewa in sauka, ya zirga-zirga take? Sai maganar abinci, wani abokina ya ce ai ƙasar musulmi ce in ci duk abin da na gani, wani kuma ya ce in yi hattara. Wanne zan ɗauka?

Baffan_Gombak:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka ɗauki maganar na biyun. Na yi shekaru a can ina karatu a jami'ar musulunci ta Gombak, kuma abin da na fara ganewa shi ne garin nan ba na ƙabila ɗaya ba ne, akwai Malayu waɗanda su ne musulmi, akwai 'yan asalin China masu yawan gaske, akwai Indiyawa yawancinsu Tamil. Asalin garin ma masu haƙar kuza 'yan China ne suka kafa sansani a wajejen 1857 inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, sunan ma ma'anarsa mahaɗar ruwa mai laka. To kaga layi ɗaya za ka ga masallaci, ka ƙara gaba kaɗan ga wurin bautar Hindu ga shagon da aka rataye naman alade, kuma kowa harkarsa yake ba mai kallon wani.

Saboda haka ka dinga duba tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin musulunci ta ƙasar, a ƙofar shago, in babu ka leƙa ka ga su waye ke ci, in ka ga mata masu ɗankwali zaune da 'ya'yansu to bismillah. Jalan Alor, layin masu abinci da kowa ke zuzutawa a intanet, ka je ka sha kallo da daddare amma kar ka zauna kai tsaye, da yawa a wurin akwai alade da giya. Inda talaka ke ƙoshi shi ne shagunan mamak, na Indiyawa musulmi ne, wasu ba sa rufewa dare da rana, ka ce a ba ka roti canai da teh tarik, wato gurasa da shayi mai madara, ringit kaɗan ka tashi. Sai Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayu ce mai gidajen katako a tsakiyar gari, kana cin nasi lemak kana hango tagwayen benen Petronas a saman kanka, wlh wurin nan ya fi min ko'ina.

Sallah kam ba ka da matsala, kusan duk mol da manyan tashoshi akwai surau, wato ɗan masallaci da wurin alwala. Amma ka gyara lissafinka, agogonsu ya yi gaba da rana, asuba sai wajen 6, azahar bayan ƙarfe 1, magariba ta wuce 7. Kuma Shafi'iyya ne, liman zai bayyana bisimilla, da asuba ya yi ƙunutu bayan ruku'u kowa ya ɗaga hannu, kar ka zarce sujada kai kaɗai kamar yadda na yi ranar farko. Juma'a ka gwada Masjid Jamek na 1909, yana daidai mahaɗar kogunan nan, ko Masjid Negara na 1965.

Yar_Baba:
Baffa ya gama maganar ciki saura ta ƙafa lol. Daga filin jirgi na KLIA akwai nisa, ya haura kilomita 50. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres zai kai ka babbar tasha ta KL Sentral cikin kamar minti 30, lokacin da na je ringit 55 ne, bas kuma bai kai rabin haka ba sai dai ya fi awa ɗaya in akwai cunkoso. Tunda tsimi kake ka hau bas. Da ka shiga gari ka sayi katin Touch 'n Go ka loda, da shi za ka hau jiragen ƙasa na cikin gari, LRT da MRT da monorel, Grab kuma, wato tasin da ake kira ta waya, sai in dare ya yi ko ruwa ya tare ka.

Masauki ni dai na ce Pasar Seni kusa da Petaling Street, hostal sun cika wurin kuma ga tashar jirgi, da ƙafa za ka je Dataran Merdeka inda aka ɗaga tutar 'yancin kai a 31 ga Agusta 1957. Amma dan Allah ka karanta irin ɗakin da kake biya. Ni na biya gado a wani hostal ban lura ba ashe ɗakin haɗaka ne maza da mata, na shiga da jakata na tarar da wani bature ba riga yana shanya safa, haka na koma wurin mai karɓar baƙi na ƙara kuɗi aka canza min. Ga harajin baƙi ringit 10 kowane dare da wasu wuraren ke karɓa daban, ka sa shi a lissafi.

Zafin garin ba irin na ƙuna ba ne, gumi ne, ka yi wanka ka fito minti 10 riga ta manne. Yawonka ka yi shi da safe, da la'asar hadari ke haɗuwa a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke. Lema ƙarama, silifas, kaya marasa nauyi. Batu Caves kuma, babban kogon nan na jikin dutse, jirgin ƙasa na KTM na kaiwa har bakin wurin, matakala 272 ne, birai sun fi 'yan sane iya ƙwace, ɗaya ya fizge min ledar ayaba ina kallo.

Baffan_Gombak:
Yar_Baba ni Batu Caves ɗin nan ban cika ba da shawararsa ba, wurin bautar Hindu ne fa, ga ƙaton gunki sama da mita 42 a ƙofa. In lokaci ya yi masa kaɗan gara gidan tarihin fasahar musulunci da ke kusa da Masjid Negara, tsofaffin rubutun Alƙur'ani kaɗai sun isa wuni.

Yar_Baba:
Baffa ai kogon na je gani ba bauta ba, dutsen da kansa abin kallo ne. Amma gsky gidan tarihin ya yi, ga sanyin esi kuma. Shi dai ya zaɓa.

Alhajin_Transit:
Ku duk kun tsallake babban abu. Ƙanena ka fara gama maganar biza tukuna, ka cike fom ɗin MDAC, wato fom ɗin shiga ƙasar, a intanet cikin kwana 3 kafin ka sauka, ka riƙe katin rigakafin shawara da tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda, don ana tambaya. Kuma ko waye, ko a jirgi kuka saba, kar ka riƙe wa kowa kaya, dokar ƙwaya a ƙasar nan har kisa tana kaiwa. A titi jaka ta koma gaba ko ɓangaren da ba mota, masu babur na fizge. Petronas in kana son hawa gadar da ke hawa na 41 ka sayi tikiti tun da wuri, in ba haka ba ka zauna a lambun KLCC da ke gindin benen da magariba kyauta ne. Yarensu ma ba zai ba ka wuya ba, Isnin Selasa Rabu Khamis Jumaat, ka ji kamar ka san su ai.

Matafiyi_07:
Kai na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Pasar Seni ɗin zan duba, ɗakin maza zalla in sha Allah. Baffa wai duriyan, ɗan itacen nan da aka ce an hana shiga da shi otal saboda wari, in gwada ko in haƙura?