Neman sunan Hausa ga "dakt" da aikin liƙe shi

Assalamu alaikum malamai da masu sana'a. Ina koyar da matasa gyaran firiji da esi a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma muna buƙatar suna tsayayye ga abin da masu aikin ke kira dakt, wato doguwar hanyar nan ta kwano da ke ɗaukar iska mai sanyi ko mai ɗumi daga babbar na'ura guda, ta bi ta cikin silin, ta raba wa ɗakuna. A gidajenmu na karkara babu ita, amma yaranmu za su tarar da ita a asibitoci da otal-otal da bankuna idan sun fita neman aiki Kano ko Dutse.

Sunayen da aka ba da shawara a kai su ne indararo da magudana da bututu. Na farko da na biyu duk na ruwa ne, kuma a buɗe suke, alhali wannan hanya a rufe take ta ko'ina. Saboda haka na tsaya a kan "bututun iska", ko da yake yawancinsa mai kusurwa huɗu ne.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne sunan aikin rufe kafofin da iska ke zurarewa ta cikinsu a jikin bututun. Alhaji, kai da ka daɗe a sana'ar ka ce a kira shi "toshe bututu", amma ina roƙon ka sake dubawa, domin yaron da aka ce wa ya toshe bututu zai fahimci cewa hanyar iskar zai rufe, wanda shi ne akasin abin da ake so. "Faci" ma bai cika ba, don faci na huda ne irin ta taya, ita kuwa iska ta fi zurarewa a mahaɗa, inda gaɓa ta haɗu da gaɓa, da bakin da bututu ya shiga ɗaki. Ni a ganina "zurarar iska" ita ce matsalar, "liƙin mahaɗa" kuma shi ne aikin.

Asarar ba ƙarama ba ce. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu tana salwanta ta irin waɗannan kafofi. A wurinmu akwai ƙari: idan bututun da ke mayar da iska ga na'ura ya buɗe, zai riƙa zuƙo zafin cikin silin a bazara da ƙurar hunturu, na'ura ta yi ta wahala, man janareta yana ƙonewa.

Man da ake shafawa da buroshi, wanda ake kira mastik, na ba shi suna "man liƙi", kuma shi ne ya fi daɗewa. Salatef ɗin nan mai launin toka da zare a ciki kuwa, kada mu kira shi "salatef ɗin bututu" kamar yadda sunansa na Turanci yake, domin gwajin da aka yi a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Amurka a 1998 ya nuna cewa gam ɗinsa yana bushewa ya saki idan ya sha zafi. Wanda ya dace da aikin shi ne na alminiyan, kuma haka za mu rubuta shi a littafin darasi, sai dai in masu aiki a Hadeja ko Gumel suna da wani suna da ya riga ya zauna a bakinsu.