Tarihin jam'iyyar leburori ta Jamaika

Dan_Samaru: Salam jama'a, don Allah wa ya san yadda JLP, jam'iyyar leburori ta Jamaika, ta samo asali? Jibi muke da tes a ABU.

Malam_Tudunwada: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin ya faro ne 1938, leburorin gonar rake ta Frome suka yi bore kan ƙarancin lada, 'yan sanda suka harbe mutane, yajin aiki ya bazu har tashar jirgin ruwan Kingston, to a nan Alexander Bustamante ya yi suna ya kafa ƙungiyar ƙwadago BITU. Turawan Ingila suka tsare shi 1940 zuwa 1942, yana fitowa kuwa sai ga JLP a 1943.

Maman_Kongo: Malam ka bar zaɓen 1944, karon farko da kowane baligi ya jefa ƙuri'a, kujeru 22 cikin 32 'yan JLP suka kwashe. Abokin hamayyar Bustamante, Norman Manley na jam'iyyar PNP, ɗan'uwansa ne fa, ikon Allah.

Malam_Tudunwada: Haka ne Hajiya. Ni dai a ganina JLP ta fi PNP kusanci da 'yan kasuwa. Bustamante ne firaminista na farko a 1962.

Dan_Samaru: Na gode, Allah saka da alheri.