Mai HND za ta iya shiga digiri na biyu kai tsaye?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da HND, wato babbar difloma, a fannin akanta, na kuma gama hidimar ƙasa. Ina son neman digiri na biyu a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), amma maigidana ya ce sai na bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, tukuna. Haka ne? Kuma me zan fara tanada?

Malam na Zariya:
Wa alaikumus salam. Maigidan naki ya yi gaskiya. A yawancin jami'o'inmu mai HND sai ya yi PGD, wajen shekara guda, kafin a ba shi gurbin mastas. Ki haɗa takardar NYSC, da sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kuɗin fom ta Remita, dandalin biyan kuɗi na intanet, ake biya. Kada ki miƙa wa kowa a hannu, ko da ya ce yana da hanya a ciki.

Yaya Binta:
Ƙanwata, fom ba shi ne wahala ba. Takardar cikakken sakamakonki ce, wadda tsohuwar makarantarki za ta aika wa jami'ar da kanta. Tawa sai da na je ofishin tsohuwar makarantata na tarar da fayil ɗina a ƙarƙashin tulin wasu, ƙura ta rufe shi, alhali na biya tun da azumi. Ki nema yanzu, tun ba a buɗe fom ba.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. Yaya, da kaina zan je, ko zan iya tura ƙanena?

Yaya Binta:
Je ki da ƙafarki, ki riƙe rasit ɗin biyan kuɗin.