Makin aikin rukuni: abin da aka ƙera za mu duba ko abin da yaro ya fahimta?

Malamar Kimiyya, cikin garin Gombe:
Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. A zangon da ya wuce na kasa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare rukuni-rukuni, na ce su nuna yadda ruwan sama ke haddasa zaizayar ƙasa, tunda duk yaron da ya tashi a Gombe ya ga yadda kwazazzabo ke cin gidaje da damina. Wani rukuni ya kawo akwatin katako mai fenti da ƙananan gidaje, na ba su 18 cikin 20. Wani kuma ya zo da tsofaffin tire biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa mai ciyawa, suka karkata su suka zuba ruwa da buta, ruwan da ya gangaro daga na farkon ya fito jajir da laka. Su na ba su 12, domin aikin bai yi kyawun gani ba. Daga baya na gano kafinta ne ya haɗa akwatin, kuma a jarabawa wata yarinya daga masu tiren ce kaɗai ta bayyana yadda saiwa ke riƙe ƙasa. Abin yana damuna har yau. Ku yaya kuke yi?

Malamin Noma, Kumo:
Malama, na taɓa faɗawa cikin irin wannan. Yanzu abin da aka kawo gabana shi ke ɗaukar kaso mafi ƙanƙanta, sauran makin yana kan littafin aiki da bayanin baki. Bara mun gwada ajiyar wake: mudu ɗaya a buhu, mudu ɗaya a jarka da aka toshe bakinta, kuma kowane yaro yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Da aka buɗe, suka ɗebi ƙwaya ɗari daga kowanne suka ƙirga masu huji. Ƙwarin wake suna mutuwa ne idan iska ta ƙare musu, hikimar da ke cikin buhun ajiyar hatsi mai ruɓi uku da ake kira PICS ke nan. Wani rukuni ya tarar ƙwari sun cinye waken jarkarsu, yaran har da hawaye. Maimakon su ɓoye, suka bincika suka ga murfin ya tsage, suka rubuta hakan da hannunsu. Makinsu ya fi na wasu da wakensu ya fito lafiya amma suka kasa faɗin dalili.

Dattijon malami, Kaltungo:
Ƙanena na Kumo ya yi gaskiya, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar auna ɗalibi a kai a kai, amma a hannunmu abin ya koma gajeren gwaji sau biyu da ake cike gurbin CA, wato makin wannan awon na kai a kai, da shi, kuma ba lalaci ne kaɗai ya jawo hakan ba. Ina da yara fiye da tamanin a aji, darasi kuma minti arba'in ne, to yaushe zan saurari kowa? Abin da na iya shi ne, ba na barin rukuni ya zaɓi mai magana. Ni nake kiran suna daga rajista, in yi tambaya ɗaya wadda ba a haddace amsarta, misali, da an canza kaza me zai faru? Da suka gane kowa na iya faɗowa, sai suka fara koya wa juna.

Malamar Turanci, Bajoga:
Baba, wannan dabara ta yi mini. Na gwada sa yara su ba juna maki, sai kowa ya ba abokinsa cikakke, saboda kunya da zumunci. Yanzu takarda nake ba kowa a ɓoye ya rubuta aikin da shi ya yi da wanda kowane ɗan rukuni ya yi, ba tare da maki ba. A nan na gano cewa 'yan mata ne ke yawan rubutun, maza kuma su tashi su yi bayani su kwashe yabon.

Malamar Kimiyya, cikin garin Gombe:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Sakamakon ya riga ya shiga kati, ba ni da ikon gyara shi, amma na kira yarinyar na faɗa mata a gaban 'yan ajinsu cewa gwajinsu ne ya fi nuna abin da na nema. Wannan zangon zan rubuta yadda za a raba makin a kan allo tun ranar farko, kuma na hana kawo duk abin da ba a gabana aka fara haɗa shi ba.