Neman shawara: ina so in hau dutsen Chappal Waddi a hutun watan Agusta

Baban Usman, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin sakandare ne a Zariya, ina koyar da labarin ƙasa, kuma shekaruna 47. Na daɗe ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, kuma yana cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti a jihar Taraba, amma ban taɓa sa shi a ido ba. Kwanakin baya wani yaro ya tambaye ni ko na taɓa hawansa, da na ce a'a sai ya ce, "To, Malam, yaya aka yi ka tabbatar?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, sai dai maganar ta tsaya mini a rai.

Saboda haka na ƙudiri aniyar zuwa a dogon hutun watan Agusta, ni da wani abokin aikina da ɗana Usman mai shekara 14, kuma kwana biyar muka ware tun daga fita gida har dawowa. Abin da na sani na hawan dutse bai wuce Kufena ba, wanda nakan hau jefi-jefi, kuma gwiwata ta hagu takan yi mini tsami idan na daɗe a tsaye. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini hanyar da ake bi, da ko kwanakin nan za su isa, da ko ya dace in tafi da yaron.

Tsohon malamin dabbobi, Yola

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka buri, amma ka cire watan Agusta daga lissafinka tun yanzu. Na yi shekaru ina yawon allurar shanu a kan tsaunin Mambila, kuma damina a can ba irin wadda ka sani a Zariya ba ce. Ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sosai sai wajen Nuwamba, kuma a kurmin da ke kudancin gandun abin da ake samu a shekara ya kusa milimita 2,000. A watan Agusta ƙoramar da yaro yake tsallakewa da rani takan kai wa babba ƙirji, jar ƙasar nan ta tsauni ta zama santsi kamar an shafa mata sabulu, sannan gajimare yakan sauko ya rufe mutum har ya kasa ganin wanda ke gabansa da taku goma. Ko da ka kai ƙololuwa a irin wannan yanayi, fari fat za ka gani, ka dawo ba ka da abin gaya wa ɗalibin naka. Lokacin tafiya shi ne daga Disamba zuwa Maris. Ni dai na fi son Disamba, domin ciyawa ba ta gama bushewa ba, makiyaya ba su yi nisa da ƙuna ba, ƙurar hunturu kuma ba ta kai yadda take toshe ido a Janairu da Fabrairu ba.

Abu na biyu, ka san cewa tafiya biyu ce kake haɗawa a matsayin ɗaya: zagayen gandun daban, hawan dutsen daban. Gandun ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan, an kafa shi a 1991 bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti, har ya shiga jihar Adamawa ta wajen Toungo. Babban ofishinsa yana Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali. Daga Serti ake shiga ƙauyen Gashaka da kurmin Kwano, waɗanda suke a kwari mai zafi, kuma wanda ya ce daga nan zai taka har Chappal Waddi ya ɗauko tafiyar da ta wuce mako guda zuwa da dawowa. Mafi yawan masu hawa sukan wuce Serti ne, su hau Mambila ta Mayo Selbe da Maisamari zuwa Nguroje, daga nan su nufi Njawai. Hikimar ita ce Mambila kansa ya kai kimanin mita 1,600, wato mota ta riga ta ɗauke maka fiye da rabin hawan.

Wani ɗalibin jami'a, Jalingo

Baba ya faɗi gaskiya, kuma ta Njawai muka bi mu huɗu a watan Janairu. Malam, kwana biyar ba za su isa ba, domin daga Zariya zuwa Nguroje kaɗai za ka ci kwana biyu idan ba ka yi tafiyar dare ba, kuma bai kamata a yi ta ba. Ka ware kwana takwas. Daga Nguroje babur ne ko tsofaffin motocin Land Rover da suka zama jakunan Mambila, kuma jijjigar da muka sha kafin mu fara taka ƙasa da ƙafa ta gajiyar da mu fiye da yadda muka zata.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne hawan ba irin na Kufena ba ne da ake kama dutse da hannu. Tudu ne na ciyawa bayan tudu, ka hau wannan da tunanin ka iso, sai ka ga akwai kwari a gabanka da wani tudun a bayansa, kuma a kowane kwari akwai ɗan kurmi mai duhu da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Ni kuma na yi wautar sayen sabon takalmi ana gobe tafiya. Kafin azahar ta ranar farko bororo ya fito mini a dunduniya biyu, na cire safa na ga ta manne da fata. Ɗan dakon da ke ɗauke da tantinmu, wanda takalmin roba irin na makiyaya ne a ƙafarsa, ya dube ni ya girgiza kai, ya yanka mini tsumma ya naɗe wurin, haka na ƙarasa ina ɗingishi. Duk takalmin da za ka hau da shi, ka fara sa shi tun yanzu.

Dare kuma akwai sanyin da ban taɓa ji ba, har sai da muka haɗa barguna muka kwanta jiki da jiki. Da asuba ruwan alwala ya sa yatsuna suka ƙage. Game da Usman, ni a ganina a tafi da shi, domin na ga yaran ruga da ba su kai shi ba suna hawa da sauka a guje bayan shanu.

Maman Hafsat, ma'aikaciyar jinya, Gombe

Ƙanena, ban yarda da kai a kan maganar yaron ba. Yaran rugar da ka gani a nan aka haife su, ƙafarsu da huhunsu sun saba, kuma idan sun gaji gida yana bayan tudu. Abin dubawa ba ƙarfin Usman ba ne, nisan asibiti ne. Idan ya gurɗe ko maciji ya sare shi a can sama, sai an ɗauko shi a kafaɗa na sa'o'i kafin a kai inda babur yake, kuma waya ba ta samuwa a wurare da yawa. Ban ce kada ya je gandun ba. Malam, ka kai shi ɓangaren Serti, inda jami'an gandun za su zaga da ku tafiyar yini guda, ya ga dorina a kogin Kam, ya ga birai iri-iri, ya ga kufan ganuwar da Jamusawa suka bari kusa da ƙauyen Gashaka tun lokacin da yankin yake hannunsu. A kurmin Kwano ne masu bincike suka shafe shekaru suna nazarin birin cimfanzi, ko da yake ganinsa sai an yi sa'a. Wannan ya ishi yaro mai shekara 14 labari, dutsen kuma ba gudu zai yi ba.

Kai kanka, Malam, gwiwarka ce ta fi damuna. Mutane suna tsoron hawa, alhali saukowa ce take cin gwiwa, domin a kowane taku nauyin jiki da na jaka a kanta suke sauka. Ka je a duba ta kafin ka sa rana, ka riƙi sanda mai ƙwari, ka bar wa ɗan dako kaya masu nauyi ba tare da jin kunya ba. Tsayin dutsen bai kai inda ƙarancin iska yake kwantar da yawancin mutane ba, wanda akan fara gani daga mita 2,500, amma za ka yi haki, kuma sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Ku tafasa duk ruwan da za ku sha komai kyansa a ido, tunda shanu suna sha daga sama. Ku riƙe ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, da bandeji, da maganin zazzaɓin cizon sauro. A kwari akwai ƙudan tsando, kuma baƙin tufafi da shuɗi suna janyo shi, don haka a sa masu haske, masu dogon hannu.

Wani direba, Bali

Malam, idan da Njawai za ka bi, ba sai ka tsaya ofishin Serti ba. Ka sami ɗan gari ka ba shi wani abu ya kai ka, ka huta da biyan kuɗin takarda.

Tsohon malamin dabbobi, Yola

Ɗana, wannan shawara ba ta yi ba. Dutsen a cikin gandu yake, shiga ba izini laifi ne, kuma ƙololuwarsa a kan iyakar Najeriya da Kamaru take, inda baƙon da ba shi da takarda ba shi da bakin magana idan aka tare shi. Ban da haka, dajin nan ya sha fama da mafarauta da masu haƙar ma'adinai da masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa ke kira madrid, har an rasa rayukan masu gadin daji a hannunsu. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors take aiki da hukumar gandun wajen horar da jami'an sintiri, kuma su ne suka san inda yake lafiya a wannan mako da inda ba a bi. Malam ya tsaya Serti ya yanki takarda, a haɗa shi da jami'i, ya tambayi kuɗin shiga da na rakiya a bakinsu, ya kuma riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa. Ɗan gari yana da amfaninsa a matsayin jagora da ɗan dako, amma tare da jami'in, ba a madadinsa ba.

Baban Usman, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa Agusta, mun mayar da tafiyar hutun Disamba, kuma abokin tafiyata ya amince da kwana takwas. Na karanta wa Usman amsar Maman Hafsat, ya ɓata rai, amma mun daidaita a kan cewa zai bi mu har Serti mu yi yini biyu a ɓangaren Gashaka, sannan ya zauna wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa a Jalingo mu kuma mu wuce. Kafin nan zan riƙa hawan Kufena duk Asabar da jaka a baya, kuma a hutun Agustan da na fasa zan gwada gwiwar a duwatsun Shere na Jos. Saura tambaya ɗaya, Baba: na ga ana fassara sunan dutsen da "dutsen mutuwa", har uwargida ta fara cewa a bar maganar. Me zan gaya mata?

Tsohon malamin dabbobi, Yola

Ka gaya mata cewa sunan Fulatanci ne, wasu kuma Gangirwal suke kiransa, kuma a gefensa akwai rugage da mata da yara da shanu suna kiwo. Idan ka isa Njawai, kafin ka ɗaura jaka ka fara zuwa gaida Jauro, wato mai garin, da ɗan goronka, domin shi zai ba ka mutanen da suka san inda ruwa yake da inda ake kwana. Ka sayo sukari da ganyen shayi fiye da buƙatarku, saboda duk rugar da kuka yada zango za a kawo muku kindirmo, kuma ba a mayar da ƙwarya haka nan. Ranar da za ku kai ƙololuwa ku tashi da an sallame asuba, ku juyo kafin azahar ko kun kai ko ba ku kai ba.