Tsohuwar tukunyar tururinmu tana shan ruwa fiye da kima

Baban Husna:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Gidan da muke ciki akwai tukunyar tururi ta zubin ƙarfe mai aiki da mai, ita ke ɗumama mana ɗakuna, ta haura shekara 30. A da sai in yi wata ban ƙara mata ruwa ba. Yanzu duk kwana uku ruwan gilashin geji, mai nuna yawan ruwan da ke cikinta, ya yi ƙasa. Na bi bututu da tocila, ko ɗigo ban gani ba. Jiya da dare kuma wutar tukunyar ta mutu, sai da na danna jan maɓallin nan na sake kunnawa sau uku kafin ta kama, ta kama da wata irin ƙara da warin mai. Yara na barci a sama, hankalina bai kwanta ba.

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Malam, maɓallin nan sau ɗaya ake danna shi, in ta ƙi a kira mai gyara. Akwai ɗan ido a cikin injin da ke kallon harshen wuta. In bai gani ba cikin 'yan daƙiƙu, sai ya tsayar da komai. Duk dannawar da ka yi, famfo ya sake fesa ɗanyen mai a ɗakin wutar, ya taru. Ƙarar da ka ji, taruwar nan ce ta kama lokaci guda. Yawanci nozul, wato bakin da ke fesa man, ne ya toshe, ko filta ta cika da laka, ko kunkunniya ta rufe idon. Duk shekara ake canza nozul da filta, a share baƙin, a saita iska da na'urar awon hayaƙi, ba da ido ba.

Amma batun ruwan ya fi damuna. Ka fita waje tana aiki, ka kalli bututun hayaƙi. In farin tururi na tashi da kauri, to ƙarfen ya huje a saman layin ruwa, tururin na bin hayaƙi yana fita, shi ya sa ƙasa take a bushe. Sabon ruwa kuwa da iskar oksijin yake zuwa, ita ke cin ƙarfen, kana ƙarawa ramin na faɗaɗa. Ka kashe ta, ka bari ta huce sarai, ka cika ta har ruwa ya hau bututun sama, sannan ka leƙa ɗakin wutar.

Maman Iman:
Kafin a yanke mata hukunci, a duba bawulolin lagireto, wato ƙarafan da ke fitar da ɗumi a ɗakuna, da 'yan mafitar iskarsu. Namu guda biyu ne ke huci, su suka riƙa shanye ruwan. Bututun da ke mayar da ruwa ma in an binne shi a ƙasa yana iya ruɓewa ba a gani ba. Kuma nawa gejin tururinka ke nunawa? Irin ta gida ba ta buƙatar wuce 2 psi a ma'aunin matsin tururi. A gwada na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa, a kuma sa ƙararrawar iskar guba ta kabon monoksayid kusa da ɗakin yara.

Baban Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gejin 5 yake nunawa. Na cika ta da safe bayan ta huce, ko minti goma ba a yi ba ruwa ya fara ɗiga a bayan ɗakin wutar. Na kashe makunnin, na rufe bawul ɗin mai. Mai gyara zai zo gobe. Baba Makaniki, ana iya canza sashen da ya huje shi kaɗai, ko sai dai sabuwa?