Don Allah a ba ni shawara, ɗakin kwana ya gagare ni

Mai tambaya (a sakaya sunana): Assalamu alaikum. Ina shekarar farko a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ɗalibai ba mu kai 2,000 ba, kusan kowa a cikin makaranta yake kwana. Kwalejin ce ta ɗauki nauyin karatuna. Sai da Kawu ya yi zarya sau uku kafin Baba ya yarda, sharaɗinsa kuma likitanci. Ga shi a nan sai an gama digirin farko, a rubuta MCAT, jarabawar masu neman karatun likita, sannan a nemi makarantar likitanci. Fannin da za a ƙware a kai ma sai ƙarshen shekara ta biyu ake zaɓa. Ajinmu na tarihi mu 14 ne a teburi ɗaya, malamar ta san sunan kowa, wallahi ina son ajin nan.

Abokiyar ɗakina ce matsalar. Saurayinta kusan kullum a ɗakin yake kwana, banɗakin benenmu kuma na maza da mata ne. Da hijabi nake kwanciya. Jiya a laburare na yi isha'i, tsakanin kantocin littattafai. Ya zan yi?

Anti daga Boston: 'Yata, tattara kayanki. Ga makarantun mata zalla: Mount Holyoke tun 1837 take, ga Smith, ga Wellesley. Tun farko can ya kamata a kai ki.

Maman 'yan biyu: Allah sarki. Ni a jami'a a gida mu takwas ne a ɗakin mutum huɗu, ruwan da na ɗebo da asuba wata ke wanka da shi. Shekara huɗu na yi ban kai ƙara ba. Haƙuri kawai, ƙanwata.

Tsohuwar ɗaliba: Anti, sauya makaranta ba ƙaramin aiki ba ne. Bizar ɗalibai ta F-1 gare ta, sai sabuwar makarantar ta ba ta wata takardar I-20, wato shaidar an ɗauke ta karatu, tallafin kuɗi kuma ba ya bin ɗaliba. Can ma ai baƙi maza suna shiga ɗakuna. Ƙanwata, rubuta wa ofishin gidajen ɗalibai, ki sa mai kula da harkokin addini a ciki, ki nemi canjin ɗaki saboda ibada.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Na faɗa wa ɗalibar da ke kula da benen, ta ce mu zauna mu tattauna mu uku, ni da ita da abokiyar ɗakina. Ba zan iya ba. Yarinyar nan ita ta ba ni rigar sanyinta ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ɗakin cin abinci ɗaya gare mu, da wane ido zan kalle ta gobe?

Anti daga Boston: Rigar sanyi ce za ta hana ki barci? Na ga yara irinki da yawa, kunya ce ke cutar ku. Ki nemi Smith tun yanzu. Babanki ya san da namiji a ɗakin?

Maman 'yan biyu: Kul! Kada ki faɗa masa, tikitin dawowa zai aiko miki.

Mai tambaya: Anti, ba kunya ba ce. Malamar tarihin ta yi alkawarin sa ni cikin bincikenta da hutun bazara, idan na tafi shi ke nan. Ba kuma kullum-kullum yake zuwa ba, makon nan sau uku ne.

Anti daga Boston: Ba ki amsa min maganar Babanki ba.